Yadda wasu ma'aurata a Makka suka rabu ba tare da sun tsaya gaban alƙali ba

Labarin wani gida ne a Makka, miji da mata da yara uku. Ni malamin hadda ne a unguwarsu, ban haɗa jini da kowannensu ba, shi ya sa suka kira ni in riƙe biro in yi tafinta a zaman da aka yi. Sun amince in rubuta, da sharaɗin kada in kama suna.

## 2011 zuwa 2022: asalin gidan

Matar haifaffiyar Makka ce. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Kano, ya ratsa Chadi da Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya, ya zauna. Ita Najeriya a fasfo ta san ta, sau ɗaya ta taɓa zuwa biki, ta yi sati uku. Hausarta irin ta 'yan unguwar Shara Mansur ta Makka ce, Larabci na tsoma baki a kowace jimla. Mijin da girmansa ya zo daga Kano a 2008, yana gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a wani kamfani mai kula da otal-otal na kusa da Harami. Aka ɗaura aure a 2011, igamarta, wato takardar izinin zaman baƙo a Saudiyya, ta koma hannunsa. Suka haifi mace a 2012, namiji a 2015, auta a 2019. Mahaifinta ya rasu a 2018.

A Yuli 2017 hukuma ta fara karɓar kuɗin wata-wata a kan duk wanda ke zaune a ƙarƙashin igamar ma'aikaci baƙo. Da riyal 100 aka fara, ana ƙara 100 duk shekara, har ya kai 400 a Yuli 2020. Albashin mijin riyal 7,000 ne. Mata da yara uku sun ɗauke 1,600, haya 1,500, tun ba a ɗora tukunya ba.

Sai korona. Aka dakatar da Umara a farkon 2020, otal-otal suka rufe, aka yanke masa albashi na tsawon watanni. A Disamba 2020 matar ta sayar da sarƙa da awarwaro huɗu, giram 60 na gwal da ta saya da gadon mahaifinta, ta ba shi riyal 12,000 aka sabunta igama. Ba a rubuta komai ba. Ita ta ce rance ne, shi ya ce taimako ne tsakanin mata da miji.

A ƙarshen 2022 ta ji wani saƙon murya da ƙaninsa ya turo yana neman kuɗin siminti. A nan ta san yana da fili a bayan garin Kano, har an zuba fandisho.

## Janairu zuwa Afrilu 2023: saki a waya da zaman dattawa

A tsakiyar Janairu, bayan sun yi cacar baki a kan filin, ya rubuta mata a WhatsApp cewa ya sake ta saki uku. Kwana biyu dangi suna ta jayayya ko aure ya ƙare ƙurmus. Dokar iyali ta Saudiyya da ta fara aiki a Yuni 2022 ta raba wannan gardama: sakin da aka haɗa da adadi, ko aka maimaita shi a zama ɗaya, ɗaya ake ƙirgawa. Ya yi kome a Fabrairu, tana cikin idda. Bai kai sakin ko komen an rubuta ba.

Dattawa sun zauna sau biyu a gidan kawunta. Ban halarta ba, amma duk wanda na tambaya abu ɗaya ya faɗa. Biko aka je yi, don haka kowace magana ta karkata ga komawa ɗaki. Da ta ce, "Kawu, ina da magana," sai ya ce, "Maganarki tana bakin yayanki, 'yar nan. Ke dai ki yi haƙuri." Mijin ma an yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Ba wanda ya ta da zancen gwal, ba wanda ya tambayi albashi, saboda kunya. Ta koma kwana kaɗan kafin azumi ya kama a 23 ga Maris. Sati biyu bayan ƙaramar Sallah ta kwashe yara ta tafi gidan yayanta.

## Mayu zuwa Agusta 2023: kowa ya riƙe rabin mukulli

Yayan nata yana da yara biyar a ɗaki uku. Ita da nata ukun suka tare a falo. Mijin ya tsayar da kuɗin cefane daga Yuni, ya ce ba zai ciyar da mai yaji ba. Lokacin aikin Hajji ne, yana kwana a wurin aiki, ba ya ɗaga waya.

A Yuli ya turo mata saƙon murya, na saurare shi daga baya: "Dannawa ɗaya zan yi a Absher, huruj niha'i, kowa ya tafi Kano wurin Hajiya." Yana nufin bizar fita ta dindindin, wadda mai riƙe da igama ke iya fitar wa waɗanda ke ƙarƙashinsa ta Absher, manhajar gwamnati ta igama da biza. A daren ta naɗe fasfo ɗin yaran a leda, ta ba matar yayanta ta cusa a ƙasan akwatin zannuwa.

Shi ba zai iya sa yara a jirgi ba tare da fasfo ba. Ita ba za ta iya sabunta igamarta da ta yara ba sai da shi, kuma igamar za ta mutu a 20 ga Nuwamba. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da mutuwar igama ke jawowa a banki da asibiti da makaranta.

## Agusta 2023: wurin lauya

Ta je wurin wata lauya, Bahaushiya 'yar ƙasa, ɗiyar ƙawar mahaifiyarta, da niyyar shigar da ƙara ta Najiz, manhajar kotuna. Ustaza, kamar yadda kowa ke kiran ta, ta fara da faɗa mata inda doka ta tsaya mata. Idan iyaye sun rabu, uwa ce kan gaba a riƙon yara, sai uba, sai kakar wajen uwa, sai ta wajen uba. Ciyarwa da tufatarwa da matsugunin yara suna kan uba. Ƙarar tana da ƙarfi.

Sannan ta lissafa mata abin da ya rage bayan hukunci. Hukunci ba zai ba ta igama ba idan aure ya ƙare. Igamar yara za ta ci gaba da zama a hannun ubansu, duk sabuntawa sai an koma masa. Gwal ba takarda ba shaida. Filin kuma yana Kano. Ta ce mata, "Anti, za ki iya cin shari'a, amma shekara goma masu zuwa kina buƙatar hannun mutumin nan duk wata uku."

Ustaza ce ta kawo shawarar wata hanya da ta karanta. Wani lauya a birnin Minneapolis na Amurka, Stuart Webb, shi ya fara ta a 1990 bayan ya gaji da shari'un rabuwar aure. Kowane ɓangare yana ɗaukar lauyansa, su huɗun su zauna a teburi ɗaya, kowa ya bayyana dukiyarsa ba ɓoye-ɓoye. Ginshiƙinta sharaɗi ɗaya ne da ake sa wa hannu tun farko: idan zama ya watse wani ya tafi kotu, lauyoyin biyu duk sun janye, sai a nemi sababbi. Ta haka lauya ba shi da ribar da zai samu idan sulhu ya lalace. Jihar Texas ta saka hanyar a dokarta a 2001, wasu jihohi suka bi. Ustaza ta ce tsarin zaman kawai za su ara, abin da za a yanke kuma shari'ar Musulunci da dokar ƙasar nan za su bi. Da ma aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da wakili daga danginsa da wakili daga danginta, Suratul Baƙara kuma ta ce ko riƙo da alheri ko saki da kyautatawa.

Mijin ya ɗauki sati biyu kafin ya yarda. Ya riga ya ga wani lauya, wanda ya faɗa masa gaskiya a kan riƙon yara.

## Satumba zuwa Oktoba 2023: zama biyar

A ɗakin karatuna aka riƙa zama, ranar Asabar bayan isha'i, yayanta yana zaure. A zaman farko, 9 ga Satumba, suka sa hannu a takarda mai shafi ɗaya. Ba mai shigar da ƙara muddin ana zama. Ba mai taɓa Absher a kan yara, fasfo kuma za su zauna a hannuna cikin ambulan da aka liƙe. Kowa zai kawo bayanan bankinsa na shekara biyu. Zai riƙa ba da riyal 1,200 duk wata na wucin gadi. Lauyoyi za su janye idan aka tafi kotu. Ba wata hukuma da ta ɗora musu wannan, su suka ɗaure kansu. Na rubuta da Larabci saboda ita, na rubuta da Hausa saboda shi, domin Larabcinsa na wurin aiki ne, ba na takardun shari'a ba.

Bayan sa hannu aka tambayi kowa abin da yake tsoro. Ta ce tsoronta ta wayi gari yaranta suna Kano. Shi ya daɗe yana juya kofin shayi, sannan ya ce, "Malam, tun korona ba na barci. Ranar da albashi ya kasa, yarana sun zama marasa takarda a ƙasar mutane. Filin nan na saye shi ne don su sami inda za su faɗa." Shekara goma sha biyu suna tare, ranar ta fara jin wannan daga bakinsa.

Zama na biyu, 16 ga Satumba, shi ne ya kusa wargaza komai. Bayanan banki suka nuna ya tura riyal 31,000 Najeriya cikin shekara biyu, a daidai lokacin da yake ce mata babu. Ta yi kuka, ta yi maganganu masu zafi. Shi kuma ya ce to a yi hul'i: ta yafe gwal, ta ba shi babban ɗan namiji, ya sake ta. Lauyansa ne da kansa ya dakatar da shi, ya ce doka ba ta yarda a sa riƙon yara ko wani haƙƙinsu ya zama fansar hul'i ba. Mijin ya tashi ya fita bai yi sallama ba, takalmansa ma a hannu ya ɗauka.

Abu biyu suka dawo da shi bayan sati biyu. Lauyansa ya tuna masa cewa idan ya tafi kotu sai ya biya wani sabo, ga Nuwamba tana matsowa. Na biyun ya fi nauyi. Ya kira mahaifiyarsa ya faɗa mata shirinsa, wanda bai taɓa shawartar ta a kai ba. Hajiya ta ce masa, "Ni da ciwon ƙafa zan yi rainon yara uku da ba su san kowa a nan ba? Ka bar su wurin uwarsu, ka kawo mini su hutu."

A 30 ga Satumba aka yi lissafi, a kan allon da nake rubuta wa ɗalibai. An rubuta 7,000 a sama, aka riƙa cirewa a gaban kowa. A nan ne ta ga cewa riyal 2,500 da take nema na ciyarwa ba za su fita ba sai igama ta faɗi. A nan ne shi ma ya ga cewa idan ta sami aiki igamarta ta bar hannunsa, 400 sun sauka daga kansa. Aka tsaya a kan haka: kuɗin igamar yara 1,200, ciyarwa 1,500, haya 1,000 daga gare shi 500 daga gare ta, ita da yara su koma gidan, shi ya nemi ɗaki da abokan aiki. Ya amsa cewa gwal bashi ne. Zai biya 500 duk wata har wata 24, a fara bayan idda. Ita kuma ta janye daga maganar fili. An rubuta wata takarda daban, yayansa na Kano ya shaida ta bidiyo, cewa idan ya tsallake biyan wata uku a jere zai sayar da filin ya cika.

Zaman 14 ga Oktoba na yara ne. Kafin ranar, wata malama da yaran suka saba da ita ta zauna da babbar, mai shekara goma sha ɗaya, ta kawo saƙonta: ba ta so a riƙa aiko ta karɓo kuɗi, ba ta so a tambaye ta abin da ke faruwa a ɗaya gidan. An rubuta duka biyun, kuɗi ta banki kawai. Uba zai ɗauke su duk Juma'a da safe, su yi salla tare, ya dawo da su bayan isha'i. A azumi da lokacin Hajji, da aikinsa ke rikicewa, ranar da ta kuɓuce za a rama ta cikin wata biyu. Tafiya Kano sau ɗaya a shekara, kwana 40 a dogon hutu. Doka ta hana mai riƙo fita da yaro ƙasar waje fiye da kwana 90 a shekara sai da yardar ɗaya mahaifin, su sai suka ɗora wa kansu abin da ya fi haka tsauri, kuma a kan su biyun. Fasfo na hannun uwa, ba za ta miƙa ba sai ta ga tikitin dawowa da bizar fita da dawowa.

Zama na ƙarshe, 21 ga Oktoba, bai wuce awa ɗaya ba. Jerin matakai kawai aka tsara: igamarta tukuna, sai ta yara, saki a ƙarshe.

## Nuwamba 2023 zuwa Fabrairu 2024: zartarwa

Ta sami aiki a wani shagon ɗinki na mata, albashi 2,500. A 5 ga Nuwamba igamarta ta koma hannun shagon. A 12 ga wata aka sabunta tasa da ta yara, ya biya 3,600 na wata uku. Sannan ya furta saki ɗaya, na biyu ke nan a ƙirge, ya nemi a rubuta shi tare da na Janairu da komen Fabrairu. Tunda akwai yara, sai aka tura su Cibiyar Sulhu ta Ma'aikatar Shari'a, wadda ke zama da mutane daga nesa ta dandalin Taradhi. Mai sulhun ya fara gwada mayar da auren, ya tambayi kowa shi kaɗai. Da ya ga sun yanke, sai ya bi yarjejeniyar sashe-sashe. A 26 ga Nuwamba takardar sulhu ta fito. Irin wannan takarda ana iya kai ta kotun zartarwa kai tsaye, kamar hukuncin alƙali.

Daga zaman farko zuwa ranar, sati 11 ne. Ya biya lauyansa 4,000, ta biya Ustaza 2,500. Ta yi idda a gidan, yana ba ta 600 duk wata, ta gama a Fabrairu.

## 2024 zuwa Oktoba 2025: gwaji

A Afrilu 2024 kuɗin ciyarwa ya makara kwana 12 saboda hidimar Sallah. Ya sanar tun kafin lokacin, ta bari. A Yuli ya tafi da yaran Kano, suka dawo bayan kwana 38. A wannan tafiyar ya ɗaura aure, amarya ta zauna can.

Daga nan abubuwa suka ɗan karkace. A Oktoba da Nuwamba 1,000 ya turo maimakon 1,500. Ustaza ta aika wa lauyansa cewa nan da kwana goma za a kai takardar kotun zartarwa. Ya cika gibin a kwana na shida. Babbar 'yar kuma ta ƙi fita ranar Juma'a har wata biyu, saboda a bakin wasu ta ji labarin auren. Uwarta ce ta lallashe ta ta koma.

## Abin da na gani

A ganina zaman dattawa ya gaza ne saboda sun zo gyara auren da masu shi suka riga suka gaji da shi, suka kuma bar kuɗi a rufe, alhali kuɗin ne gyambon. Niyyarsu mai kyau ce, kuma ina ganin da an sa allo a gabansu a Fabrairu 2023 wataƙila ma auren ya tsira. Wannan yana damuna har yau.

Abin da ya sa zama biyar ɗin ya yi aiki, na farko shi ne kowa ya san matsayinsa a doka kafin ya zauna. Da ba ta san riƙo nata ba ne, da ta sayar da shi a ranar 16 ga Satumba don ta sami saki. Na biyu, an ajiye makamai: Absher da fasfo. Mutumin da ake yi wa barazana ba ya iya lissafi. Na uku, jerin matakan Nuwamba. Da saki ya riga igama, da ta shiga idda tana neman inda za ta rataya zamanta a garin da aka haife ta. Wannan jeri sai da yardar mijin zai yiwu. Na huɗu, takardar tana da haƙori, kuma an ga amfaninsa a Nuwamba 2024. Yarjejeniyar baki a gaban kawu ba za ta dawo da riyal 1,000 ɗin nan ba.

Ba zan ba kowace mace wannan shawara ba. A gidan nan ba duka, ba shaye-shaye, kuma mijin da aka matsa ya fito da bayanan bankinsa na gaskiya. Inda ake duka, ko ake ɓoye dukiya, ko mace ba ta iya buɗe baki a gaban mijin, kotu ce wurin zuwa, kuma kada a ɓata lokaci.

Mun yi kuskure biyu, ni ma ina ciki tunda ni na rubuta. Ba mu sa komai ba a kan yadda za a sanar da yara idan ɗaya ya yi sabon aure, yarinya ta ɗauki nauyin. Sannan mun ƙayyade bashin gwal da riyal maimakon giram. Farashin gwal ya yi tashin gwauron zabi tun daga 2024, 12,000 ɗin ba za su sayi giram 60 ba, ko kusa. Ta san da haka, ta ce ba za ta sake buɗe maganar ba.

Zuwa Oktoba 2025 ya biya wata 20 na bashin gwal, saura huɗu. Babbar 'yar za ta cika 15 a 2027, shekarun da doka ta ba yaro zaɓin wurin wanda zai zauna, kuma sun sa a takarda cewa za a sake zama wata uku kafin ranar.